Aikin Mishan da Horar da Fastoci Tare da Mutanen Gari: Darasi Domin Talata Mafara, Bakura da Maradun

An shirya wannan bayani domin dattawan ikkilisiya, shugabannin zumunta, ɗaliban makarantun Littafi Mai Tsarki, da duk wanda yake jin kira zuwa aikin bishara a arewa maso yammacin Nijeriya. Za mu duba yadda 'yan mishan suka zauna a ƙasar Hausa, yadda aka horar da fastoci da masu bishara na farko, da abin da wannan tarihi yake koya mana game da aiki a Talata Mafara, Bakura da Maradun cikin Jihar Zamfara.

Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Raɓa takan jiƙa ganye da asuba, hantsi na yi ta bushe, amma kaba tana nan rani da damina. Ɗan mishan baƙo ne, ko daga Kanada ya fito ko daga Kagoro. Wata rana canjin wurin aiki, ko ciwo, ko tsufa zai ɗauke shi. Abin da zai rage bayansa shi ne abin da ya bari a hannun mutanen wurin. Saboda haka muna auna aikin mishan da irin mutanen da aka horar da irin zaman da aka yi da maƙwabta.

Ma'anar kalmomi

Ɗan mishan shi ne wanda ikkilisiya ta keɓe ta aika zuwa wurin da ba nasa ba domin shelar bishara da hidima. A da idan an ce ɗan mishan Bature ake nufi. Yau yawancinsu 'yan ƙasa ne.

Mai bishara shi ne ma'aikacin da ke zaune a ƙauye ko unguwa, yana koyar da Maganar Allah, yana bi da sujada, sau da yawa kafin a kafa cikakkiyar ikkilisiya. A wasu ɗariku ana kiransa katikis.

Fasto shi ne makiyayin ikkilisiya wanda ya sami horo, aka ba shi izinin aiki. Bayan an gwada shi na wasu shekaru akan naɗa shi Rabaran.

Mutanen gari, a wannan bayani, sun haɗa da masu bi da ke zaune a wurin, da maƙwabtansu Musulmi, da masu sarauta, da manoma da 'yan kasuwar da ma'aikaci zai yi hulɗa da su kullum.

Tushe daga Littafi Mai Tsarki

Sa'ad da Ubangiji Yesu ya aiki almajiransa biyu biyu a Luka sura 10, ya umarce su su sauka a gidan da aka karɓe su, su ci abin da aka ba su, kada su yi ta sauya masauki. Tun daga farko an sa ma'aikacin bishara a ƙarƙashin inuwar mai masauki.

Manzo Bulus ya bi wannan hanya. Ikkilisiyar Antakiya ce ta keɓe shi tare da Barnaba (Ayyukan Manzanni 13:1-3). A Koranti ya zauna gidan Akila da Biriskila yana ɗinkin tanti tare da su, ya yi shekara ɗaya da wata shida yana koyarwa (18:1-11). A Afisa ya yi shekara biyu yana koyarwa kullum a makarantar Tiranas (19:9-10). A garuruwan da suka yi wa'azi, shi da Barnaba sun naɗa dattawa daga cikin masu bi na wurin kafin su wuce (14:23). Timoti ma 'yan'uwa na Listira da Ikoniya ne suka shaide shi kafin Bulus ya ɗauke shi (16:1-3). Daga baya Bulus ya umarce shi ya danƙa koyarwar ga amintattun mutane waɗanda za su iya koya wa waɗansu (2 Timoti 2:2).

Akwai sharaɗi ɗaya da yakan kuɓuce mana idan muna zaɓen shugabanni. A 1 Timoti 3:7 an bukaci mai kula da ikkilisiya ya zama da kyakkyawar shaida a wurin waɗanda ba na ikkilisiya ba. A garin da kusan kowa Musulmi ne, wannan yana nufin shaidar mai shagon da fasto yake sayayya da ta mai gidan da yake haya tana cikin abubuwan da Nassi ya ce a duba.

Yadda 'yan mishan suka shigo ƙasar Hausa

A watan Disamba 1893 samari uku, Walter Gowans, Rowland Bingham da Thomas Kent, suka sauka Legas da niyyar kai bishara cikin ƙasar Sudan, kamar yadda ake kiran wannan yanki a lokacin. Cikin 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida. Bingham ya koma gida da ciwo. Sai a 1902 ƙungiyarsu, wadda aka sani da SIM, ta kafa tashar farko a Pategi.

A 1900 ayarin CMS ƙarƙashin Bishop Tugwell ya isa Kano ba tare da gayyata ba. Sarkin Kano Alu ya sallame su bayan 'yan kwanaki. Da Turawan mulki suka ci Sakkwato a 1903, Lugard ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, aka kuma taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautu har shekaru talatin ko fiye. Ko da aka sassauta, akwai dokoki: ba a wa'azi a kasuwa ko kusa da masallaci, ba a koya wa yaro addini sai da yardar iyayensa, gidan Bature kuma sai ya yi nisan yadi 440 daga gidajen jama'a.

Duk da haka ƙofofi uku sun buɗe, kowace kuwa da hannun mutanen ƙasa aka buɗe ta.

Ƙofar farko harshe ce. Likita Walter Miller, wanda yake cikin ayarin 1900, ya fara koyon Hausa a Tarabulus ta Libiya wurin Hausawa mazauna can da maniyyata. Ya zauna cikin birnin Zariya daga 1905, a 1929 kuma aka mai da mishan ɗin Wusasa. Da taimakon malamai Hausawa da 'yan mishan na sauran ƙungiyoyi aka kammala fassarar Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya, aka buga a 1932. Wannan littafi ne ya sa aka iya horar da manomi ya zama mai bishara ba tare da ya fara koyon Turanci ba. Daga Wusasa kuma aka sami Likita R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello.

Ƙofa ta biyu magani ce, ita ce kuma ta fi kusa da yankin da muke magana a kai, domin Talata Mafara, Bakura da Maradun suna cikin Lardin Sakkwato a wancan zamani. Kuturta ta yi yawa a ƙasar, hukumomin En'e kuwa ba su da isassun likitoci. Daga 1937 aka yi yarjejeniya SIM ta karɓi kula da sansanonin masu fama da cutar a Amanawa kusa da Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, da na Kano wanda ya tabbata a Yadakunya. Sarakuna da En'e suka ba da fili da kuɗin tallafi, mishan ta kawo likitoci da ma'aikatan jinya, da sharaɗin ba za a tilasta wa kowa sauraron wa'azi ba. Majinyata sukan yi shekaru a wurin suna shan magani suna noma, waɗansu suka koyi karatu da aikin ɗakin magani. Daga cikinsu aka sami waɗansu masu bi na farko a waɗannan larduna, suka koma ƙauyukansu suna allura suna karanta Littafi. Ta wannan hanya aka sami izinin buɗe ƙananan tashoshi a wurare irin su Moriki ta ƙasar Zamfara. Asibitin ido na Kano, wanda aka buɗe a 1943, ya bi wannan sawu.

Ƙofa ta uku gona ce. A hayin iyaka, SIM ta fara aiki a Damagaram a 1924, ta sauka Tsibiri kusa da Maraɗi a 1927, ta buɗe asibitin Galmi a 1950. A 1983 wani ɗan mishan daga Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, bayan ya ga yawancin itatuwan da ake dasawa suna mutuwa, ya lura cewa kututturan da manoma ke sassabewa kowace shekara suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. Idan aka bar reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi aka datse sauran, itace yakan tashi da sauri. Manoman Maraɗi suka gwada a gonakinsu, suka gyara dabarar yadda ta dace da su, suka koya wa juna. Yau ana ƙiyasta hekta miliyan 5 ta sake samun itatuwa a Nijar ta wannan hanya. Ɗan mishan ya nuna kututture, amma manoma ne, kusan dukansu Musulmi, suka mai da shi daji.

Yadda aka horar da ma'aikata na farko

Tashar mishan ba ta iya kaiwa ƙauyuka ɗari, don haka aka buɗe makarantun Littafi Mai Tsarki. Ta Kagoro ta fara a farkon shekarun 1930, ta Igbaja a 1941. Aka yi ta Tofa a ƙasar Kano, da ta Tsibiri a Nijar, da ta Salka ta mishan ɗin UMS. A yawancin makarantun da ake koyarwa da Hausa tsarin iri ɗaya ne. Ɗalibi yakan zo da matarsa da 'ya'yansa, a ba shi ɗaki da gona. Da safe aji, da yamma fartanya. Mata suna da nasu aji na karatu da Littafi da kiwon lafiyar iyali. Ƙarshen mako ɗalibai su fita ƙauyuka a ƙafa ko a keke. Wanda ya gama yakan fita da Littafi Mai Tsarki, da littafin waƙoƙi, da sanin yadda zai ciyar da gidansa.

Wannan tsari yana da rauninsa. An daɗe ba a ba ma'aikata 'yan ƙasa ilimi mai zurfi ba, kuma an daɗe kuɗi da shawara suna hannun Turawa. Masu bi da kansu suka nemi gyara. A 1948 aka kafa ƙungiyar mishan ta 'yan ƙasa wadda yau ake kira EMS, ikkilisiyoyi da zumuntar mata suna tara kuɗi da hatsi suna aika nasu 'ya'ya. A 1954 ikkilisiyoyin SIM suka zama ECWA, a 1955 na SUM da abokansu suka haɗu a TEKAN, a 1976 kuma SIM ta miƙa wa ECWA ragowar ayyukanta. Makarantun tauhidi masu zurfi suka biyo baya, kamar TCNN ta Bukuru a 1959 da JETS a Jos a 1980. Anglika tana horar da ma'aikata a kwalejin St Francis da ke Wusasa, Katolika kuma tana da cibiyar horar da katikis a Malumfashi.

Abubuwa biyu suka gwada wannan aiki. A rikicin 1966 da yaƙin basasa da ya biyo, Kiristoci 'yan kudu da yawa suka bar garuruwan Arewa, majami'u da dama na sabon gari suka zama kusan kango. Inda akwai masu bi 'yan ƙasa da mai bishara da ke jin Hausa, sujada ba ta tsaya ba. Sa'an nan a tsakiyar shekarun 1970 gwamnati ta karɓi asibitoci da makarantun mishan, har da Amanawa. Gine-gine suka koma hannun hukuma, mutanen da aka horar suka rage wa ikkilisiya. A cikin waɗannan shekaru ne Hausawa da yawa na karkarar Kano da Katsina, waɗanda ake kira Maguzawa, suka karɓi bishara, akasari ta bakin masu bishara 'yan Nijeriya da suka zauna cikinsu suna noma tare.

Yankin Talata Mafara, Bakura da Maradun

Waɗannan ƙananan hukumomi uku suna yammacin Jihar Zamfara, wadda aka cire daga Jihar Sakkwato a 1996. Babbar hanyar Gusau zuwa Sakkwato ta ratsa yankin. Kowane gari yana da sarkinsa: Sarkin Mafara, Sarkin Burmin Bakura, da Sarkin Kayan Maradun. Abin da ya ɗaure su wuri ɗaya shi ne madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, wadda aka gama a 1978, da filin noman rani na kimanin hekta 23,000 da aka shirya domin ta shayar. Ana noma shinkafa, masara, albasa, tumatir da dankali.

Kusan dukan 'yan asalin yankin Musulmi ne. Zamfara ce jihar farko da ta faɗaɗa shari'ar Musulunci zuwa hukuncin laifuffuka. An ƙaddamar da ita a Oktoba 1999, ta fara aiki a Janairu 2000, a zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura. Kiristocin yankin kaɗan ne, yawancinsu kuma aiki ko kasuwanci ko karatu ne ya kawo su: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, jami'an tsaro, masu shaguna, masu bautar ƙasa, da ɗaliban kwalejin Abdu Gusau ta Talata Mafara. Haka Kiristanci ya fara shiga Gusau da Kaura Namoda bayan jirgin ƙasa ya iso. Irin wannan ikkilisiya takan cika yau ta rage gobe, gwargwadon canjin wurin aiki da hutun makaranta.

Dole ne mai shirin zuwa ya san raunukan wurin. A Afrilu 1980 an kashe manoma a Birnin Tudu sa'ad da suke neman diyyar gonakin da aikin Bakolori ya cinye, har yau kuwa maganar fili ba abin wasa ba ce a yankin. A Agusta 2016, bayan an zargi wani ɗalibi da saɓo a Talata Mafara, an ƙona gidan mutumin da ya kai shi asibiti, mutum 8 suka mutu. A 2021 'yan bindiga suka sace ɗalibai mata 279 a Jangebe, suka kai hari kwalejin aikin gona ta Bakura, suka kuma kwashe ɗalibai 73 a Kaya ta Maradun. A shekarar ce aka rufe layukan waya da kasuwannin mako na wani lokaci. Wannan masifa ba ta tambayar addinin mutum, kuma yawancin waɗanda ta ci Musulmi ne. Ma'aikacin da ya zo yana ganin ikkilisiya kaɗai ke shan wuya bai fahimci maƙwabtansa ba tukuna.

Ka'idojin zama da mutanen gari

1. A shiga ta ƙofa. Sabon ma'aikaci ya je tare da dattawan ikkilisiya ya gai da mai unguwa, da hakimi, da sarki idan hali ya yi. Ya faɗi sunansa da aikinsa a fili. Wanda ya ɓoye aikinsa a ranar farko zai sha wuyar samun amincewa ranar da aka gane. Ayarin 1900 da yarjejeniyar 1937 sun nuna bambancin shiga babu sallama da shiga da izini.

2. A koyi bakin wurin. Hausar Zamfara ta fi kusa da ta Sakkwato. Za a ji “shina” a maimakon “yana”, “mi” a maimakon “me”, “yat tahi” a maimakon “ya tafi”. Ba a bukatar fasto ya kwaikwayi kowa, amma ya ji abin da ake faɗa, ya iya gaisuwar safe da ta gajiya da ta ta'aziyya yadda ake yinta a can. Matarsa ma haka, domin ita ce ke shiga cikin gida inda shi ba ya shiga.

3. A riƙe sana'a. Ƙaramar ikkilisiya ba za ta iya ɗaukar dukan nauyin iyalin fasto ba. Noman rani, kiwon kaji ko awaki, koyarwa, ɗinki, gyaran famfo ko na'urar hasken rana, duk suna ciyar da gida, suna kuma sa mutum cikin jama'a. Wanda ake haɗuwa da shi a bakin kwata ana rabon ruwa ya daina zama baƙon da ba a san abin da ya kawo shi ba.

4. A tsabtace maganar fili da kuɗi. Duk filin da za a saya ko a yi haya, a yi da shaidu da takarda, da sanin masu sarauta da hukuma, da sunan ikkilisiya. Samun izinin gina majami'a yana da wuya a jihar, wani lokaci a yi shekaru ana nema. A bi ta hanyar shugabannin ɗarika da na CAN, da haƙuri da naciya. Bashin kasuwa kuma a biya kan lokaci.

5. A yi taimako babu sharaɗi. Rijiya, ko ajin yaƙi da jahilci, ko ɗakin magani, na kowa ne. Kafin a fara, a tambayi mutanen unguwa abin da suka fi bukata, a sa su cikin kwamitin kulawa. Ba ma sayen tuba da buhun masara. Yaro kuma ba a koya masa addini a bayan idon iyayensa.

6. A tsare harshe. Manzo Bitrus ya ce mu kasance a shirye mu ba da dalilin begenmu, amma da tawali'u da ladabi (1 Bitrus 3:15-16). Muna shaidar Yesu Kristi a fili ga duk wanda ya tambaya, ba ma zagin abin da maƙwabci yake girmamawa. A koya wa matasa wannan, musamman game da abin da suke rubutawa a Facebook da WhatsApp. A kuma lura da ƙarar lasifika da lokutan sallar maƙwabta.

7. A raba farin ciki da baƙin ciki. Suna, biki, jinya, ta'aziyya, gobara, dawowar wanda aka sace: fasto ya kasance a wurin. Irmiya ya gaya wa waɗanda aka kai bauta su nemi zaman lafiyar birnin da suke ciki, su yi masa addu'a, domin lafiyarsu tana cikin lafiyarsa (Irmiya 29:7).

Horar da fasto domin irin wannan wuri

Zaɓen ɗalibi daga ikkilisiya yake farawa. Dattawa su duba wanda ya riga ya nuna aminci a ƙananan ayyuka, kamar koyar da makarantar Lahadi, ziyarar marasa lafiya da riƙon kuɗin zumunta. A fi ba da ƙarfi ga waɗanda suka daɗe a yankin, waɗanda aka haifa a can, ko suke da gona ko shago. Makarantar Littafi Mai Tsarki ba mafakar wanda ya rasa aikin yi ba ce.

Ban da sanin Littafi, tauhidi, wa'azi da tarihin ikkilisiya, horon ya ƙunshi abubuwan da wurin yake bukata. Ɗalibi ya san addinin Musulunci yadda masu shi suke bayyana shi, don kada ya yi magana cikin jahilci. Ya san tsarin sarauta, da dokokin ƙasa da na jiha game da aure, gado, fili da 'yancin addini. Ya koyi yi wa wanda ya fito daga hannun 'yan bindiga hidima, da gwauruwa, da yaron da ya daina barci saboda abin da ya gani. Ya koyi rubuta kuɗin shiga da na fita. Ya fita da sana'a ɗaya aƙalla.

Ba kowa ne zai iya barin aiki ya tafi Tofa ko Kagoro na shekara uku ko huɗu ba. Domin irin waɗannan akwai karatun tauhidi daga gida, wanda aka sani da TEE. An fara shi a ƙasar Gwatamala a 1963, ikkilisiyoyinmu da dama kuma suna da littattafansa da Hausa. Ɗalibi yana karatu a gida, yana aiki a ikkilisiyarsa, su haɗu da malami lokaci lokaci. A yankin Bakolori a tsara haɗuwar da lura da kalandar gona, domin manomin rani ba shi da hutun da manomin damina yake samu. Malamin makaranta ko ma'aikaciyar jinya da aka horar haka za su iya riƙe sujada idan hanya ta rufe fasto bai iso ba.

Bayan makaranta, sabon ma'aikaci ya yi aƙalla shekara ɗaya a ƙarƙashin fasto da ya san yankin. Shi kuma tun ranar da ya kama aiki ya fara neman wanda zai gaje shi.

Nauyin ikkilisiyar da ta aika

Ikkilisiyar Filibi ta aika wa Bulus taimako fiye da sau ɗaya (Filibiyawa 4:15-16). Aikawa ba ta ƙarewa da addu'ar sallama. Albashi ya riƙa zuwa kan lokaci. A ware rabo daga baikon godiyar kaka domin ma'aikatan fili. A ɗauki nauyin karatun 'ya'yansu da jinyar iyalinsu. A riƙa kira, a riƙa ziyara idan hanya ta yi kyau, a ba su hutu kowace shekara.

Game da tsaro, shugabanni su saurari mutanen wurin, domin su ne suka san hanyar da ake bi da lokacin da ba a fita. A yi shiri tun da wuri game da inda iyali za su koma idan hari ya matso. Janye ma'aikaci na ɗan lokaci ba rashin bangaskiya ba ne. Masu bi na Dimashƙu sun zurara Bulus cikin kwando ta katangar birni da dare (Ayyukan Manzanni 9:25). Kada kuma a yaɗa sunaye, hotuna ko ƙauyukan sababbin masu bi a intanet domin neman tallafi. Abin da ya zama rahoto mai daɗi a Jos ko Legas yana iya jawo wa wani kora daga gida a Zamfara.

Tambayoyi domin nazari a ƙungiya

1. Idan aka ɗauke fastonmu yau, su wane ne a cikinmu za su iya bi da sujada, su koyar, su yi jana'iza? Wa yake horar da su?
2. Da za a tambayi maƙwabtan majami'armu game da mu, wace shaida za su bayar?
3. Wane aiki ne unguwarmu take bukata wanda za mu iya yi tare da waɗanda ba Kirista ba?
4. Nawa ne daga cikin kuɗin ikkilisiyarmu na bara ya tafi wajen horar da ma'aikata da tallafa wa 'yan mishan?

Abubuwan addu'a

Mu yi addu'a domin zaman lafiya a Talata Mafara, Bakura da Maradun, domin manoma su koma gonakinsu, waɗanda ke hannun 'yan bindiga kuma su dawo gida. Mu roƙa wa sarakuna da hukumomi hikima da adalci. Mu tuna da fastoci da masu bishara da ke yankin, da matansu da 'ya'yansu. Mu roƙi Ubangijin girbi ya ta da ma'aikata daga cikin mazaunan wurin, ya kuma ba ikkilisiyoyinmu zuciyar horar da su da riƙe su. Amin.